Bahisatul Badiya: Tarihin Malak Hifni Nasif, wadda ta nema wa mata haƙƙinsu daga cikin addini

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda yake leƙa zaurukan lacca na jami'o'inmu, a Yamai ne ko a Say ko a wasunsu, ya san babu maudu'in da yake cika zaure kamar maganar mata. Da an ɗaga ta sai ɗalibai su rabu gida biyu. Wasu suna ganin mace ba za ta ci gaba ba sai ta yar da duk abin da ta gada, ta bi sawun Turawa. Wasu kuma suna ganin duk wanda ya ambaci haƙƙin mata ɗan koren Turawa ne. A ƙare lacca da hayaniya, kowa ya koma ɗakinsa da ra'ayin da ya zo da shi. Wannan muhawara ta girmi kakanninmu. An yi ta a Masar fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma a tsakiyarta aka samu wata baiwar Allah da ta ƙi shiga kowanne daga cikin gidajen nan biyu. Sunanta Malak Hifni Nasif, amma an fi saninta da laƙabin Bahisatul Badiya. Tarihinta ne za mu bibiya a yau, domin akwai darasi a cikinsa ga ɗalibai, akwai kuma wanda ya fi shi nauyi ga malamai.

Haihuwarta da gidan da ta tashi

An haifi Malak a birnin Alƙahira ranar 25 ga Disamba, 1886, wato shekara ta 1304 bayan Hijira, shekara huɗu bayan sojojin Ingila sun mamaye Masar. Mahaifinta, Hifni Nasif, ya yi karatu a Azhar da Darul Ulum, ya yi alƙalanci, ya shahara a ilimin Larabci da waƙa, kuma yana cikin mutanen da suka yi hulɗa da Shehu Muhammad Abduh. Yana cikin kwamitin malaman da suka tantance rubutun mus'hafin nan na Masar mai ruwayar Hafs, wanda aka buga a 1924 bayan rasuwarsa. Ke nan a gidan Alƙur'ani da Larabci ta buɗe ido, kuma wannan shi ne jarin da ta yi ciniki da shi duk tsawon rayuwarta.

A wancan zamani, masu hali a Alƙahira suna ɗauko wa 'ya'yansu mata malamai 'yan Turai su koyar da su a gida, ko su kai su makarantun mishan. Hifni Nasif ya kai 'yarsa makarantar gwamnati ta 'yan mata, abin da manyan gari suke gani kamar zubar da girma. A 1900 ta samu takardar shaidar kammala firamare, tana cikin 'yan matan Masar na farko da suka same ta. Daga nan ta shiga sashen horar da malamai na makarantar Saniyya, ta kammala a 1903, sannan ta kama koyarwa. Ban da Larabci da ta ƙware a kansa har tana tsara waƙa, ta iya Faransanci da Turanci. Saboda haka duk abin da Turawa suke rubutawa game da matan Musulmi, da idonta take karantawa, ba ta jiran mai fassara.

Muhawarar da ta tarar

A 1899, lokacin tana 'yar shekara goma sha biyu, wani alƙali da ya yi karatu a Faransa mai suna Ƙasim Amin ya fitar da littafinsa Tahrirul Mar'a, ya biyo shi da Almar'atul Jadida a 1900. Ya yi kira a ilimantar da mata, a gyara al'amarin aure da saki, a kuma daina rufe fuska da kulle. Masar ta ɗauka. Aka yi ta rubuta masa raddi, cikin waɗanda suka fi shahara akwai na Tal'at Harb, wanda daga baya ya kafa Bankin Masar. Cikin ɗan lokaci sai maganar ilimi da ta zaluncin da ake yi a gidajen aure suka koma gefe, muhawara ta tattaru a kan abu guda: a cire niƙabi ko a bar shi.

Akwai na uku a wannan rigima, shi ne mai mulkin mallaka. Lod Kuroma, wanda ya riƙe ragamar Masar a madadin Ingila daga 1883 zuwa 1907, ya rubuta cewa yadda Musulunci ya ɗauki mace na daga cikin abin da ya hana Masar ci gaba. Amma a zamanin mulkinsa ba a kashe wa ilimin 'yan mata abin a zo a gani ba, an ma sa kuɗin makaranta. Da ya koma ƙasarsu kuwa, sai ya zama shugaban ƙungiyar da take adawa da bai wa matan Ingila damar jefa ƙuri'a. Wannan ya ƙara wa masu ra'ayin riƙau hujja, suka riƙa kallon duk wani kira na gyara a matsayin dabarar mamaya.

Abin lura a nan shi ne, galibin muryoyin da aka fi ji a wannan muhawara na maza ne. Ana ta shari'a a kan mace, ita kuwa ba a kira ta ta ba da ba'asi ba.

Aurenta da komawarta Fayyum

A 1907 aka ɗaura wa Malak aure da Abdussattar al-Basil, ɗaya daga cikin shugabannin Larabawan ƙauye na yankin Fayyum, kudu maso yamma da Alƙahira. Ƙa'idar aikin gwamnati a lokacin ba ta yarda matar aure ta ci gaba da koyarwa ba, don haka ta ajiye alli ta bi mijinta. Sai da ta tare ta gano ashe yana da mata da 'ya, ba a gaya mata ba. Allah kuma bai ba ta haihuwa ba, ga gorin mutane a kanta. Ta zauna a wannan aure shekara goma sha ɗaya, har ƙarshen rayuwarta, tana rufa wa gidanta asiri.

Zaman Fayyum ya zame mata makaranta ta biyu. A can ta ga matan manoma da na makiyaya suna noma, suna ɗaukar kaya, suna kiwo, suna saye da sayarwa, fuskokinsu a buɗe, kuma babu mai tuhumar addininsu. Ta ga cututtukan da suke kashe jarirai saboda rashin sani, da 'yan matan da ake aurarwa ba su san wanda za su aura ba. Ta fahimci cewa rigimar niƙabi da ta cika jaridun Alƙahira rigimar manyan gidaje ce ta cikin birni, alhali damuwar yawancin mata jahilci ne da ciwo da zalunci. Daga nan ta fara aika rubutu zuwa jaridar Aljarida, wadda Ahmad Lutfi as-Sayyid yake jagoranta, tana sa hannu da sunan Bahisatul Badiya, ma'ana mai bincike a cikin daji.

Laccar 1909

A 1909, tana 'yar shekara ashirin da biyu, ta gabatar da lacca ga taron mata a zauren jam'iyyar Umma da ke Alƙahira. Mace Musulma ta tsaya ta yi jawabi a bainar jama'a, abu ne da ba a saba gani ba a Masar ta wancan lokaci.

Ta fara da amsa wa masu cewa idan mata suka yi ilimi za su ƙwace wa maza aiki. Ta nuna cewa kaɗi da saƙa da ɗinki da niƙa da tuya duk sana'o'in mata ne tun asali, maza ne suka ƙera injuna suka karɓe su, don haka idan ana maganar wanda ya shiga gonar wani, to ba mace ba ce. Ta amsa wa masu cewa mace mai rauni ce da misalin matan ƙauye da take gani kullum, ta nuna cewa raunin matar birni daga zaman kulle da rashin motsi ya samo asali. Sannan ta juya kan matan da suke zaune a gabanta, ta yi musu faɗa a kan almubazzaranci, da fita cikin ado da turare, da camfe-camfe, da kwaikwayon Turawa ido rufe.

Ta rufe laccar da shawarwari goma. Na farkonsu shi ne a koya wa 'yan mata addini na gaskiya daga Alƙur'ani da Sunna. Sai a buɗe musu ilimin firamare da na gaba da shi. A koya musu kula da gida da lafiya da renon yara da taimakon gaggawa. A ware wasu su karanci likitanci da koyarwa domin mata su duba mata, su koyar da mata. A bar wadda take da iko ta zurfafa a kowane fanni. A tarbiyyantar da su kan gaskiya da haƙuri da aiki. A bi Shari'a wajen neman aure, kada a ɗaura sai sun ga juna a gaban muharrami. A ɗauki suturar fita irin ta matan Istanbul, wadda take rufe jiki ba ta hana tafiya. A rage dogaro da kayan waje da ma'aikatan waje. Na goma, maza su tsaya a aiwatar da waɗannan.

Ɗan'uwa mai karatu, duba wannan jeri da kyau. Ganin juna kafin aure, Annabi (SAW) ne ya umarci Mugira ɗan Shu'uba da shi, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Al'ada ce ta hana shi, har ya zama mai kira gare shi ake wa kallon ɗan bidi'a.

Matsayinta a kan niƙabi da kishiya

A kan niƙabi ne ta ba ɓangarorin biyu mamaki. Mabiya Ƙasim Amin sun zaci mace mai ilimi irinta za ta goya musu baya. Sai ta ƙi. Ba ta ɗauki rufe fuska a matsayin farilla ba, kuma sananne ne cewa malamai sun yi saɓani a kan wannan mas'ala tun da daɗewa. Amma ta ga cewa a fito da mata marasa ilimi cikin tituna cike da maza marasa tarbiyya, masu kallo da jifa da munanan kalamai, cutarwa ce. A ganinta, a fara ilimantar da mace, a gyara tarbiyyar namiji, sannan a bar mata ta duba abin da ya fi dacewa da ita da al'ummarta. Ta kuma lura da wani abu: namijin da jiya ya tilasta mata rufewa ba tare da shawara da ita ba, shi ne yau yake son tilasta mata buɗewa ba tare da shawara da ita ba. Hannun da yake juya ta bai canja ba.

A kan kishiya kuwa alƙalaminta ya yi zafi ƙwarai. Ta siffanta abin da kishi yake haifarwa na gaba tsakanin 'ya'ya, da asiri, da lalacewar dukiya, da ciwon zuciyar matar da aka jingine. Wajibi ne mu faɗi gaskiya a nan: ƙarin aure halal ne da nassin aya ta 3 a Suratun Nisa'i, kuma a wasu wurare kalamanta sun fi kama da kukan wanda aka yi wa rauni fiye da hukuncin mai fatawa. Amma ayar da ta halatta ita ce ta gindaya sharaɗin adalci, kuma aya ta 129 a surar ta hana a karkata gaba ɗaya a bar mace kamar abin da aka rataye. Abin da ta gani a gidaje da yawa, har da nata, ɓoye-ɓoye ne da rashin adalci. Wanda ya kare halaccin ƙarin aure ya yi shiru a kan zaluncin da ake yi da sunansa, rabin ayar ya karanta.

A 1910 aka tattara maƙalolinta da laccocinta cikin littafi mai suna Annisa'iyyat, tare da gabatarwar Lutfi as-Sayyid da sharhin wasu malamai da marubuta, waɗanda suka yaba mata a wani wuri suka saɓa mata a wani.

A zauren jami'a da taron 1911

An buɗe Jami'ar Masar a 1908 da gudummawar jama'a, kuma mahaifinta yana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar kafa ta, ya kuma koyar a cikinta. Ba a ɗaukar mata ɗalibai, amma an shirya musu laccoci na musamman a ranakun Juma'a, lokacin da maza ba sa nan. Malak ta yi lacca a wannan zaure, haka ma Nabawiyya Musa da Labiba Hashim. Duk da cewa mata zalla ne a ciki, wasu maza sun tayar da jijiyar wuya a kan shirin, kuma a 1912 aka rufe shi.

A 1911 aka yi babban taron ƙasa a unguwar Misrul Jadida ta Alƙahira domin duba matsalolin Musulmin Masar. Malak ta aika da buƙatun mata a rubuce. Da yake ba a ba mace damar tsayawa a gaban taron ba, namiji ne ya karanta su a madadinta. A ciki akwai faɗaɗa ilimin 'yan mata, da horar da likitoci da malamai mata, da sa ƙa'ida a kan saki da ƙarin aure. Akwai kuma buƙatar a bar mata su shiga masallatai su yi salla su saurari wa'azi, kamar yadda ake yi a zamanin Annabi (SAW). Mahalarta taron ba su amince da maganar masallaci ba, maganar aure da saki ma ba ta samu shiga ba.

A nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Hadisin Abdullahi ɗan Umar da ya hana a tare mata daga masallatan Allah yana cikin Bukhari da Muslim, yana kuma cikin Muwaɗɗa da muke karantawa. Mace ta zo tana neman ƙofar masallaci da hujjar Sunna, aka mayar da ita da hujjar al'ada.

Ba ta yi zuciya ba. Ta ci gaba da rubutu, ta shiga kafa ƙungiyar ilimantar da mata, ta yi aikin agaji da koyar da jinya. Ta kuma yi musayar wasiƙu a jaridu da marubuciya Mayyu Ziyada, Kirista haifaffiyar Nazarat. Addininsu daban, ra'ayinsu ya saɓa a wurare, amma wasiƙun nasu sun zama abin misali wajen ladabin saɓani.

Rasuwarta da abin da ya biyo baya

A ƙarshen yaƙin duniya na farko annobar mura ta game duniya, ta kashe miliyoyin mutane. Ita ce ta yi ajalin Malak a Alƙahira ranar 17 ga Oktoba, 1918, cikin watan Muharram na 1337, ba ta cika shekara talatin da biyu ba. Manyan ƙasa da malamai sun halarci jana'izarta. Mawaƙi Hafiz Ibrahim ya yi mata marsiyya. Mata suka shirya taron tunawa da ita a Jami'ar Masar, inda Huda Sha'arawi ta yi jawabi. Mahaifinta bai daɗe ba a bayanta, ya rasu a 1919. A 1920 Mayyu Ziyada ta fitar da littafi a kan rayuwarta.

Da yawa daga abin da ta nema ya tabbata bayan ba ta. Dokokin iyali na Masar na 1920 da 1929 sun bai wa mace damar neman alƙali ya raba aure saboda rashin ciyarwa, ko doguwar ɓacewar miji, ko cutarwa. Kotunan Masar a kan mazhabar Hanafiyya suke, amma waɗannan hukunce-hukunce daga mazhabarmu ta Malikiyya aka ɗauko su. Ashe maganin yana cikin littattafan fiƙihu tun tuni, mai buɗewa aka rasa. A 1929 'yan mata suka shiga Jami'ar Masar a matsayin cikakkun ɗalibai. Ƙanwarta Kaukab ta zama ɗaya daga cikin likitoci mata na farko a ƙasar. A 1962 Azhar da kanta ta buɗe kwalejin 'yan mata.

Sai dai jagorancin fafutukar mata ya koma wani hannu. A 1923 Huda Sha'arawi ta kafa ƙungiyar matan Masar, kuma a shekarar ce ta yaye niƙabinta a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira bayan dawowarta daga taron mata na duniya a birnin Roma. Ƙungiyar ta yi ayyuka na ilimi da lafiya da ba za a musa ba, amma fuskarta ta fi kallon Turai, har mujallarta ta farko da Faransanci ake buga ta. Muryar da take magana da harshen Alƙur'ani da fiƙihu, wadda malamai za su iya zama da ita su yi munaƙasha, ta yi rauni na tsawon lokaci. Waɗanda suka rufe wa Malak ƙofar masallaci a 1911 sun zaci sun kare addini. Abin da suka yi shi ne sun bar filin ga wasu.

Darasi gare mu

Mu a wannan yanki ba baƙi ba ne ga irin kiran Malak. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya soki malaman da suke karantar da almajirai safe da yamma su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna kai ilimi ƙauyuka. Duk wannan kafin a haifi Malak, kafin kuma Bature ya kafa mulki a ƙasar Hausa.

Ga ɗalibai maza masu kishin addini: idan 'yar'uwarku ta tashi a zauren lacca ta yi kukan auren dole, ko sakin wulaƙanci, ko cin gadon marayu mata, ko cire yarinya daga makaranta, kada ku yi gaggawar laƙaba mata suna. Ku tambayi kanku, shin Shari'a ta ba ta abin da take nema? Idan ta ba ta, ku ne ya kamata ku riga kowa tsaya mata.

Ga ɗalibai mata: Malak ta samu kunnen manyan malaman zamaninta ne saboda ta san Larabci, ta san nassi, ta san halin matan ƙauye da idonta, kuma ta yi wa mata faɗa kamar yadda ta yi wa maza. Wadda ta haddace kalmomin ƙungiyoyin waje ba ta san babin nikahi na Risala ba, ba za ta iya kare kanta ba, balle ta kare wata.

Ga mu malamai kuma, namu ya fi nauyi. Aya ta 125 a Suratun Nahli ta umarce mu da hikima da kyakkyawan wa'azi da jayayya ta hanya mafi kyau. Koke na gaskiya ba ya mutuwa don an ƙi saurarensa, wani wurin yake komawa. Duk haƙƙin da Allah Ya bai wa mace muka ɓoye shi saboda tsoron al'ada, wata rana wani zai zo ya miƙa mata shi haɗe da abin da ba ma so, kuma za ta gode masa.

Allah Ya jiƙan Malak Hifni Nasif, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya saka mata da alheri a kan abin da ta dace. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Wallahu a'alam.